Tsagar da Ke Bayan Labule

Da hannun hagu nake buga muku wannan, da yatsa ɗaya, don haka duk wadda ta ga harafi ya karkace ta yi haƙuri ta wuce. Na daman yana rataye a wuyana cikin bandeji, likita ya ce ƙashin ya tsage wuri biyu. Masu turo min saƙo kuna tambaya ko lafiya na yi shiru kwana tara, to ba lafiya ba. Kuma kafin ku fara tausaya min ku bari ku ji zancen duka, domin ni ma na zubar da jinin wani, wanda kuma na zubar wa ɗin ciki ɗaya muka fito.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ɗinkin labule nake yi. Ɗakin da ke kusa da ƙofar gidanmu shi ne shagona, keke biyu, teburin yanka, dutsen guga mai nauyin tsiya, sai sandunan labule na ƙarfe jingine a bayan ƙofa. Mu uku ne a gidan tun da Baba ya rasu: ni, Umma, da Yaya, wanda dillalan gidaje ke kira Ba-Ragi, sunan da yake ji da shi kamar lambar yabo. Sai kuma Tica, malamin lissafi, mutumin da shekara uku ke nan yana zuwa ƙofar gidan nan da rigarsa a goge, alli a bakin hannun riga, tabarau na zamewa kan karan hanci yana turawa da ɗan yatsa.

Umma ba ta ƙin Tica. Sharaɗi ɗaya ta gindaya, kuma ta kafe a kai.

"Ba zan ba da 'yata gidan haya ba. Shekara goma sha huɗu na yi ina haya kafin ubanku ya gina nan. An taɓa watso min kaya kan titi ina goye da yayanki, ana ruwa, tukunyata na gangarawa kwata ina kallo. Ya sayi gida ko ɗaki biyu ne, ranar ya zo ya ɗauke ki."

Shekara takwas Tica ya yi yana tari. Darasin yamma, darasin hutu, har motar da ya gada ya sayar ya koma babur. Amma duk taku ɗaya da ya yi, sai farashi ya yi uku. Tun da aka fara raɗe-raɗin za a fitar da sabon titi ta bayan gari, filin da a da ko akuya ba za ka ɗaure a ciki ba ya koma zinariya. Mai aski ya zama dillali, mai faci ya zama dillali. Gidan da aka yi wa kuɗi da safe, kafin yamma an ce maka mai shi ya canja shawara.

Sai dai akwai abin da na sani wanda su ba sa faɗa. Labule shi ne abu na ƙarshe da ke shiga gida. In mutane na tarewa a sababbin gidaje, wayata ba ta hutawa. To wata biyar ke nan wayar ta yi sanyi. Na bi sabuwar unguwar da ƙafata: layi guda gidaje sun sha fenti, an rubuta na sayarwa har rubutun ya koɗe, babu labule ko a taga ɗaya. Titin ma ko motar gyaran hanya ɗaya ba a gani ba. Masu gidajen da a da ba sa ɗaga waya, yanzu su ke bin mutane da kira.

Na ce wa Tica, "Ka riƙe kuɗinka. Ka bari damina ta wuce. Ruwa zai nuna maka gidan ƙwarai, masu sayarwa kuma kafin nan sun sauko da kansu."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni lissafi nake koyarwa. Bara ma haka na ce zan jira, jiran ya cinye min ɗaki guda."

"Bara daban, bana daban."

"Ke ba ki gaji ba ne?"

Na gaji, 'yan uwa. Shekarata ashirin da takwas. Na ɗinka wa ƙawayena labulen gidajensu har na fara ɗinka wa ƙannensu.

Ana cikin haka Yaya ya shigo da labari. Ya samo wa Tica gida, ɗaki uku, mai shi zai yi tafiya, ranar Juma'a ce ƙarshe, in ta wuce akwai wani mai kuɗi a layi. Umma ta ɗaga hannu sama tana godiya. Yaya ya dube ni ya ce Litinin in same shi a ofis da tef ɗina, zan auna tagogi, kyauta ce zai yi wa surukinsa.

Ofishin nasu rumfa ce da benci biyu da allon hotunan gidaje. Tun daga nesa na hango taro. Ina matsowa na ga Yaya ya shaƙe wuyan wani dillali ɗan tsamurmuri, yana buga bayansa da allon har hotuna na zubowa.

"Ni za ka zagaye? Mutumin da na yi wata biyu ina bi, ka kai shi wani gida?"

"Ba-Ragi, shi ya ce naka ya yi tsada, wallahi shi ya..."

Bai ƙarasa ba Yaya ya sungumi benci ya sauke masa a kafaɗa. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Mutumin ya zube yana riƙe da hannu, bakinsa na jini, aka rirriƙe Yaya mutum huɗu yana fizgewa. A kan mai saye ɗaya tak ake wannan faɗan. Shekara biyu baya, da mai saye ya tafi sai Yaya ya yi tsaki ya ce goma na tafe.

Ya karkaɗe rigarsa ya ce min, "Hau mu tafi." Na hau bayan babur.

Gidan yana ƙarshen layi, inda ƙasa ta ɗan gangara. Fenti ruwan madara, ƙofa ruwan toka, tayil na sheƙi. Gaskiya zuciyata ta motsa. Har na hango inda zan ajiye kekena. Na fara awo daga ɗakuna, ina ɗaukar hoton kowane bango kamar yadda na saba don kada in manta. Da na shigo falo na juya bangon gabas, sai na tsaya.

Tsaga ce tun daga silin har ƙasa. An cusa mata siminti an shafa fenti, ta sake buɗewa. Na tura yatsuna biyu suka shige, na ji iskar waje, na ɗauki hotonsu a haka. Na duƙa na kankare fentin gindin bango da farce, ƙasan ya jiƙe, ya yi baƙi, yana warin kwata. A nan na tuna wurin. Tsohon rami ne da ake zubar da shara, ina yarinya muna wucewa muna toshe hanci.

"Nan za ki auna," in ji Yaya daga bayana. "Bango zuwa bango, silin zuwa ƙasa. Yadi mai kauri, ki yi masa tattara sosai."

"Yaya, nan ai babu taga."

"Na tambaye ki?"

"Gidan nan nutsewa yake yi. Damina ɗaya..."

Ban ga tahowar hannunsa ba. Ya damƙi ƙeyata ta saman mayafi ya haɗa goshina da bangon, daidai kan tsagar. Wuta ta gilma min. Ya danne ni a wurin, bakinsa a kunnena, yana huci.

"Ki buɗe kunnenki. Kowane sabon gida yana tsagewa, gyaran kwana biyu ne. In kika buɗe baki cinikin nan ya lalace, sai na karya ki. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji."

"Ko so kike ki tsufa a ɗakin keke?"

Ya sake ni. Na ɗauki tef na auna. A gida na ce wa Umma ƙofa ce ta buge ni, ta dubi ƙulun goshin, ta dubi Yaya, ta ce in sa ƙanƙara.

Ga inda za ku tsane ni. Na ɗinka labulen. Ba wanda ya tsaya a kaina. Na zaɓi yadi ruwan zuma mai nauyi, na sa masa shafi a baya, na yi masa tattara uku-uku, na zauna na yi masa aikin da ban taɓa yi wa mai biya ba. Zan iya ce muku tsoro ne, kuma akwai tsoron. Amma ina taka keke ina ce wa kaina ai gyaran kwana biyu ne, ai in mun shiga ma gyara, ai kowa da haka ya fara. Aure nake so. Ranar Laraba na je da kaina na hau tsani na rataya shi, ya sauko har ƙasa ya rufe komai, falon ya yi kyau kamar a hoto.

Alhamis Yaya ya kai Tica ya gani. Ina zaune kan keke saƙonni suka fara shigowa.

"Na ga gidanmu."

"Ɗakin tsakiya naki ne, hasken safe na shiga, ba za ki ƙara lalata idonki wajen zura zare ba."

"Har labule an saka a falo, irin launin da kike so. Yaya ya ce kyauta ce. Ban san yana ƙaunata haka ba."

Na rubuta, na goge. Na rubuta, na goge. A ƙarshe na tura masa, "Allah ya sanya alheri."

Juma'a da safe, wajen tara da rabi, ya turo hoto. Yana kan layi a banki, sanye da shuɗiyar rigar nan da na ce tana masa kyau, ya rungume jakar takardu a ƙirji, yana murmushi har tabarau ya karkace. A ƙasa ya rubuta, "Saura mutum huɗu."

Na kalli bakin hannun rigar a hoton. Ya goge ta, amma allin bai fita ba. Shekara takwas.

Na buɗe hotunan aikina, na nemo na bangon gabas, wanda yatsuna ke cikin tsagar, na tura.

"Kada ka biya. Wannan ne ke bayan labulen. Kan ramin shara aka gina shi."

Ya gani. Minti biyu suka wuce. Sai:

"Yaushe kika ɗauki hoton?"

"Litinin."

"Wa ya ɗinka labulen?"

Na rubuta masa gaskiya:

"Ni."

Na kira, bai ɗaga ba. Na zauna na ɗauko farin yadin wata mata na shimfiɗa kan tebur wai zan yanka, na kasa gane inda na sa alama.

Sha ɗaya saura na ji babur ɗin Yaya, ashe labarin fasa cinikin ya riga ya kai masa. Bai kafe shi ba, na ji faɗuwarsa a ƙofar gida. Kafin in miƙe in sa sakata ya banko ƙofar da ƙafa, ta bugi bango ta dawo. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, hularsa babu.

"Me kika tura masa?"

"Yaya, ka tsaya ka ji..."

Mari na farko ya jefa ni kan keke, allura ta karce min hannu. Na biyu ya sa kunnena na hagu ya ɗauke, sai wani zuu kawai nake ji. Ya fizgi wayata daga tebur ya maka ta da bango. Na durƙusa zan rarrafa in fita ta ƙarƙashin hannunsa, ya tako min gefen zane, ya miƙa hannu bayan ƙofa ya zaro sandar labule, ta ƙarfe, irin mai kauri da nake sa wa manyan tagogi.

"Na ce sai na karya ki ko ban ce ba?"

Ya sauke min a gadon baya. Ban san ina da irin wannan muryar ba sai ranar. Ya ƙara a cinya. Na uku kaina ya nufa, na tare da hannun dama, na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Hannun ya saki, ya koma wani abu da ba nawa ba.

Umma ta shigo da gudu, hannunta duk kumfar wanki, ta riƙe masa riga ta baya.

"Kai! Kai! Za ka kashe ta ne? Don girman Allah ka bari!"

"Umma ki matsa! Kin san abin da ta yi? Kin san abin da ta yi mana?"

Ya fizge, Umma ta tafi taga-taga ta zauna daɓas kan tulin yadi. Uwar da ta haife shi. Ko waiwaye bai yi ba. Ya ɗaga sandar da hannu biyu, ni kuma na dunƙule a gindin tebur na rufe ido ina salati.

Dukan bai sauko ba. Na buɗe ido na ga shuɗiyar riga. Tica ne ya riƙe ƙarshen sandar ta baya, jakar takardunsa har yanzu a rataye a kafaɗa. Daga baya na ji cewa zuwa ya yi ya tambaye ni ido da ido dalilin da ya sa na yi masa haka, ihuna ya jiyo daga titi.

"Yaya, ajiye," ya ce. "Ni na fasa. Ni za ka yi wa magana."

"Au, kai ne? Ka kawo kanka."

'Yan uwa, Tica bai taɓa yin faɗa ba. Mutumin da ko ɗalibi ba ya iya duka. Yaya ya saki sandar, ya juya, ya sa masa karo a fuska. Tabarau ya tarwatse a kan idonsa. Jini ya ɓalle daga girarsa ya rufe masa rabin fuska, ya ja baya yana laluben iska, ya bugi teburin guga, suka zube tare. Duk da haka ya kama ƙafar Yaya ya rungume, yana cewa, "Fita! Ki fita!" Ina zan fita da cinyar da ta sha sanda?

Yaya ya haye ƙirjinsa ya danne da gwiwa. Naushi ɗaya, biyu, uku, kan Tica na buguwa da siminti. Umma na kururuwa tana kiran maƙwabta. Sai na ga hannun Yaya ya lalubo ƙasa ya kamo dutsen guga. Na san nauyinsa, kullum da hannu biyu nake ɗaga shi. Ya ɗaga shi sama daidai kan Tica, kuma na ga fuskarsa, babu kowa a cikinta.

Babban almakashina ya faɗo daga tebur yana gefen gwiwata. Ban yi tunani ba. Ko kuwa na yi, ban sani ba, tun ranar nake tambayar kaina. Na ɗauka da hagu, na ja jiki, na soka masa a cinya da iya ƙarfin da ya rage min. Na ji shigarsa. Ya fi yanka yadi sauƙi, wannan ne abin da ya fi tsaya min a rai.

Dutsen gugar ya faɗi gefen kunnen Tica ya fasa siminti. Yaya ya yi wata irin ƙara ya mirgina, ya riƙe cinyar da hannu biyu, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa, ya jiƙa farin yadin matar nan da ya zamo daga tebur. Ya dube ni. Na zaci zagi zai yi. Sai na ga hawaye.

"Kin kashe mu," ya ce. "Wawuya. Kin kashe mu duka."

Maƙwabta suka cika ɗakin. Mai shagon kusa da mu ya yage yadi ya ɗaure masa cinyar, wata mata ta dafe wa Tica goshi da mayafinta. Mota ɗaya aka zuba mu mu uku zuwa asibiti, ni a gaba, su a baya, mai shago a tsakaninsu kamar katanga. Direba na ta cewa a danne, a danne kada ya ɓata masa kujera.

Da ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da ya faru, Umma, da ta biyo mu a baya, ta riga kowa: tsani ne ya karye da su suna rataya labule. Matar ta dubi almakashin da har lokacin ke jikin Yaya, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta abin da ta rubuta.

Yaya ya sha ɗinki, an ƙara masa jini, an ce saura kaɗan in taɓa babbar jijiya. Yana can kwance har yanzu. Tica ɗinki bakwai a gira, an ciro gilashi daga idonsa na hagu, ba su tabbatar zai dawo daidai ba. Kwana shida ban ji daga gare shi ba. Da na karɓo wayata daga mai gyara, fuskarta duk zane, saƙo ɗaya na tarar.

"Kuɗina suna nan, ban biya ba. Na gode da hoton, na gode da kika ceci raina. Amma duk lokacin da na rufe idon da ya rage, ke nake gani a kan tsani kina rataya labulen. Ki ba ni lokaci."

Na karanta ya fi sau ashirin.

Abin da ya fi damuna Umma ce. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka, har na shirya ta ce in bar mata gida. Ba ta yi ko ɗaya ba. Takan yi min wanka, ta ɗaura min zane, ta kai wa Yaya abinci ta dawo, ta zauna a tsakar gida tana kallon bango. In na ce, "Umma, ki yafe min," sai ta ce, "Sha maganinki."

Yau da hantsi ina zaune a ɗakin keke, inda har yanzu simintin ke da duhun da wanki bai fitar ba, saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba.

"Sannu da aiki. Ke ce mai labule? Na ga lambarki a rubuce jikin bangon gidan da maigidana ya saya. Tunda kina ciki kin san tagogin, ki yi min lissafin yadin duka. Ƙarshen wata aka ce masu hayar za su tashi, ina so muna shiga a rataya."

Na yi zaton kuskure ne. Na rubuta, "Wane gida, Hajiya?"

Ta turo hoto. Koriyar ƙofa mai lotsawa a ƙasa, inda Yaya ya taɓa bugawa da babur. Bishiyar da Baba ya dasa shekarar da aka haife ni. Tagar ɗakin da nake zaune a ciki, da labulena a jiki.

Ban san yadda na isa kicin ba. Umma na tsugune tana wanke kwanuka. Na miƙa mata wayar. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta nisanta ta da ido ta duba. Na jira ta yi salati. Na jira ta ce ƙarya ne. Ta miƙo min wayar a hankali.

"Ƙarshen wata suka ce, ko?"

"Umma?"

"Bara ne, lokacin da komai ke tashi. Ya ce in muka sayar da wannan, zai gina sabo a bakin titin da za a yi, ya sayar ninki biyu, ya saya mana wanda ya fi wannan, ke ma a yi miki hidima. Wata shida kawai ya ce. Mai sayen ya ba mu shekara mu zauna." Ta dubi ruwan da ke cikin baho. "Ni na sa hannu. Na ce kada a faɗa miki, bakinki ba ya shiru."

"Gidan da ya kai Tica..."

"Babu wani mai shi da zai yi tafiya. Namu ne. Gumin ubanku ne kaf a jikin bangon nan. Wata bakwai yana neman mai saye, ko tayi babu."

Na jingina da ƙofa. Kunnena da ya fara dawowa ya sake ɗaukewa.

"Kin san da tsagar?"

Ta miƙe da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta matso har ina jin warin sabulu a jikinta. Matar da ban taɓa gani ta roƙi kowa ba, ta kama hannuna mai lafiya da hannuwanta biyu masu sanyi.

"Auta, shekarata sittin da ɗaya. Ba zan iya komawa haya ba. Ba zan iya tsayawa kan titi da tukwane ba. Yaron nan yana jin maganarki, kuma kuɗinsa na nan." Ta juya wayar a tafin hannuna, ta danna min ita. "Ki kira shi. Ki ce masa tsohon hoto ne, an gyara. Ki ce haushin yayanki ne ya sa ki. Duk abin da za ki ce, ki ce."

Na dubi fuskar wayar da ta farfashe. Sunansa ne a sama, da saƙonsa na ƙarshe a ƙasa, yana neman in ba shi lokaci. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare.

Umma ba ta sake min hannu ba. Ni kuma, Allah ya gani, ban ce mata a'a ba.